Layin ƙarshe na marubucin Haɗeja

Kafin a san na'urar buga littafi a Haɗeja, malami ne ke kwafe littafi da alƙalamin kara da tawada. Takardar yawanci daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus. In aka ɗaga ta ga rana sai a ga tambarin jinjirin wata uku. Ba a ɗinke warƙoƙi, a gafaka ake adana su, don haka marubuci kan sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gama. In iska ta watsa su, a nan ake gane jeri.

Aikin da ya fi burgewa yana ƙarshe. Bayan "tammat", sai ya rubuta sunan littafin, da mawallafi, da nasa sunan, wani lokaci har da mai littafin. Shekara kuwa da ramzi ake sa ta, wato haruffa a madadin lambobi, a lissafin Magaribawa: shinun 1000, sinun 300, kaf 20, dal 4. Haɗa su ka sami 1324, wato 1906, shekarar da Turawa suka ci Haɗeja, Sarki Muhammadu ya yi shahada.

Yau mai sakin littafi a intanet bayanan nan yake cikewa a kwamfuta, sai ƙarin lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, da "ha" a gurbin harshe. Addu'ar da malamai kan roƙa wa kansu ce kaɗai ba a yi wa gurbi ba.