Muhammadu Bello da Aikin Tsaron Littattafan Magani a Ƙasar Hausa

Mai kula da laburaren likitanci ma'aikaci ne wanda ba ya duba maras lafiya, ba ya kuma rubuta magani, amma likita bai isa ya yi aikinsa yadda ya kamata ba sai da shi. Aikinsa shi ne ya nemo abin da aka rubuta game da cuta da magani, ya adana, ya tsara, sa'an nan ya miƙa wa mai bukata ainihin shafin da yake nema a lokacin da yake nemansa. A matsayin sana'a mai suna da albashi, wannan aiki baƙo ne a ƙasar Hausa, don kuwa bai samu gindin zama ba sai bayan da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe Tsangayar Likitanci a 1967, da sashen koyar da aikin laburare a 1968. Turawa kuwa sukan fara tarihin sana'ar ne daga John Shaw Billings, likitan sojan Amurka wanda ya riƙe laburaren ofishin babban likitan soja daga 1865 zuwa 1895, ya kuma ƙago Index Medicus a 1879, watau fihirisar da ke jera maƙalun likitanci na duniya wata-wata. To amma idan aka ajiye suna aka dubi aikin kansa, za a tarar an yi shi a Sakkwato tun kafin nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, shekara guda kafin a haifi Billings.

Ilmin ɗibbu ya shigo ƙasar Hausa ne cikin gafakar malamai da alhazai, tare da fiƙihu da nahawu. Galibinsa na ɗibbun Annabi ne, irin wanda Ibn Ƙayyim da Suyuɗi suka wallafa. Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, ba baƙo ba ne ga malaman wannan ƙasa, tun da har wasiƙa ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim. Akwai kuma Kitab al-Rahma fi al-Ɗibb wa al-Hikma, wanda aka daɗe ana jingina masa, ko da yake masu bincike sun nuna na wani malami ne dabam. Matsalar ita ce littattafan kaɗan ne, kowane kofi da hannu ake juyarsa, takarda kuma sai an ƙetaro Sahara da ita. Malamin da ya mallaki guda yakan riƙe shi kamar dukiyar gado, wanda kuwa ke fama da ciwo a wani gari ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki.

A nan ne aikin Bello ya bambanta da na sauran. Ya hau gadon mulki a 1817, kuma duk da yaƙe-yaƙe da gina ribaɗi bai daina farautar littattafai ba. Shaidar wannan tana cikin labarin Kyaftin Clapperton, Baturen Birtaniya wanda ya zo Sakkwato a 1824 yana amsa sunan Abdullahi. Daga cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita wanda zai zauna a ƙasarsa. Da Clapperton ya komo a 1826, cikin kyaututtukan da ya kawo akwai littattafan Larabci, ciki har da na Ibn Sina da na lissafin Uƙlidis. Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar Uƙlidis wanda wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi. Likitan da aka turo, Dakta Dickson, ya rabu da ayarin tun daga bakin teku, bai taɓa isowa Sakkwato ba. Clapperton kansa a can ya rasu a 1827. Littattafan dai sun iso hannun wanda ya san darajarsu.

Abin da Bello ya yi da abin da ya tara shi ne ya fi kama da aikin mai kula da laburare. Bai yi da'awar shi ne ya gano magungunan ba. Yakan ɗauki cuta guda, ya bi manyan littattafai ya tsinto abin da aka faɗa a kanta, ya taƙaita shi cikin 'yan warƙoƙi waɗanda ɗalibi zai iya juya su cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka ya yi a kan basur cikin al-Ƙaul al-Manthur, da ciwon ido cikin Masug al-Lujain, ya kuma yi wata risala a kan ciwon ƙoda, wata a kan ganyen sana, watau filasko. Sunan Ujalat al-Rakib ma kaɗai ya isa ya nuna manufarsa: ɗan guzuri ne na gaggawa ga mahayin da ba shi da lokacin zama. Wasu masu nazari sukan raina irin wannan rubutu, su ce ai tsince-tsince ne kawai. Wannan hukunci bai yi adalci ba, domin a ƙasar da kofin babban littafi bai wuce a ƙirga da yatsu ba, wanda ya ciro babin basur ya aika da shi gari-gari ya yi wa maras lafiya abin da mai babban littafin bai yi masa ba. Ba shi kaɗai ba ne kuma a wannan fage. Malam Muhammadu Tukur na Matuzgi, a ƙasar Zamfara, shi ma ya yi rubutu a kan magani a wannan zamani.

Bayan marubuci sai mai tsaro. Gobara da gara da ruwan damina, da rabon gado wanda kan raba littafi guda gida uku, duk sun ci rabonsu, haka kuma hargitsin 1903 lokacin da Turawa suka ci Sakkwato. Abin da ya tsira ya tsira ne a gidajen malamai, musamman gidan waziran Sakkwato, zuriyar Giɗaɗo ɗan Laima. Waziri Junaidu (1906–1997), wanda ya zama waziri a 1948, ya buɗe taskarsa ga masu bincike, kuma a kanta ne Murray Last ya dogara ƙwarai wajen rubuta littafinsa a kan Daular Sakkwato wanda ya fito a 1967.

Masu fihirisa su ne suka zo daga baya. W. E. N. Kensdale, ma'aikacin laburaren Kwalejin Jami'a ta Badun, ya zagaya Arewa yana neman rubuce-rubucen Larabci, ya buga jerin ayyukan Bello a 1958. A 1964 aka kafa shirin binciken tarihin Arewa a Zariya ƙarƙashin Farfesa H. F. C. Smith, wanda daga baya ya zama Abdullahi Smith, aka shiga ɗaukar hoton littattafai a gidajen masu su. A 1995 John Hunwick ya fitar da juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa, inda ya nuna a wane laburare ake samun kowane kofi. Sai dai duk waɗannan masana tarihi ne da Larabci, kuma hankalinsu ya fi karkata ga jihadi da mulki. Risalolin magani sun samu suna da lamba, amma ba su samu mai karanta su da idon likita ba, har sai da Ismail Abdalla ya yi nazarinsu a digirinsa na 1981, wanda ya zama littafi a 1997.

Saboda haka aka wayi gari da taska iri biyu a gari guda. A Zariya, ɗalibin likita yana neman maƙala a Index Medicus, wadda aka daina bugawa a takarda a 2004 bayan PubMed ta maye gurbinta a intanet, alhali risalar Bello a kan ciwon ido tana can a sashen tarihi. Babban abin da ya raba su shi ne harshe. Ganye guda yana da suna uku: marubucin Larabci ya ce sana, mai magani a kasuwar Batsari ko Safana ya ce filasko, masanin tsirrai kuma ya kira shi Senna da Latin. Fihirisar da ba ta haɗa ukun ba, ba za ta kai mai nema ga abin da yake nema ba. Wanda ya fara ɗaura wannan gada shi ma likita ne, Dakta J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya buga ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya haɗa kowane suna da takwaransa na Latin. Ɓangaren Larabci, watau daidaita sunayen da ke cikin risalolin Bello da Tukur da na Hausa da Fulatanci, aiki ne da ke bukatar malamin Larabci da masanin harshe da mai haɗa magunguna su zauna a kan warƙa guda.