Kaset ɗin Shata na filin wasa

Kawuna direban babbar mota ne, Funtuwa zuwa Legas, kuma da ya rasu abin da ya faɗo hannuna jakar fata ce guda, maƙare da kaset. Yawanci na Alhaji Mamman Shata ne. A bayan wasu an rubuta sunan gari da biro, sai kalmar "biki" ko "wasa". Su ya fi so. In na miƙo masa wanda aka ɗauka a situdiyo, sai ya ce, "Kai ɗana, ajiye wannan, ba mutane a ciki." Sai da na girma na gane abin da yake nufi.

Kafin kaset, waƙa tana shiga gida ne ta faifan garmaho. Faifan nan na farko minti uku yake ɗauka a kowane gefe, ko ya ɗan ɗara kaɗan. To ina minti uku ga makaɗin da sai ya yi minti biyar yana gaishe da mutane kafin ya kama zancen da ya kawo shi? Dole a datse. Ko da dogon faifai ya zo, mai ɗaukar kamar minti ashirin a gefe, a ɗaki ake yin sa, an rufe ƙofa, an hana kowa tari. Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya yi wa makaɗan Hausa babban aiki, don shi ya kai muryar Shata da Ɗankwairo da Ɗanmaraya Jos ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba, kuma ma'ajiyarsa ta adana waƙoƙin da da sun ɓace. Amma shiri yana da lokacinsa, in lokaci ya cika sai a sauke kiɗa mai gabatarwa ya yi sallama.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma bai cika kasuwanninmu ba sai a shekarun 1970, lokacin kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji, lokacin da alhaji ba ya dawowa daga Makka ba rakoda a cikin tsarabarsa. Abin da kaset ya kawo shi ne jan maɓallin nan na ɗauka. Duk mai rakoda da batir shida zai iya zuwa filin wasa, ya ajiye ta kusa da lasifika, ya danna. Kaset mai minti sittin ko casa'in yana haɗiye wasa kusan gaba ɗaya, in ya ƙare a juya.

Daga nan sana'a ta tsiro. A wancan lokacin, a tashoshin mota da kasuwanni, irin Ƙofar Wambai a Kano, masu shago suna da uwar kaset da suke ɓoyewa kamar kuɗi, su haɗa rakoda biyu su riƙa kwafa. Ka zo da kaset ɗinka sabo, TDK ko Maxell, ka faɗi waƙar da kake so, ka biya ladan ɗauka, ka dawo da yamma. Kwafi daga kwafi, har sauti ya dusashe, ya riƙa shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Mawaƙi ba ya samun ko kwabo a cinikin nan. Abincinsa yana wurin liƙi da kyautar masu gida, riga, doki, mota. Kaset kuwa ya zame masa ɗan aike, domin attajirin da ya ji ana kiran sunan abokinsa a kowace tasha, shi ma zai so a kira nasa.

Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, shi wannan na'ura ta fi dacewa da shi, saboda ba mai haddace waƙa ba ne ya zo ya rera. A tsaye yake ƙera ta. Amshi ɗaya ne ke tsayawa daram, sauran duk abin da idonsa ya gani ne a daren. Shi ya sa a jakar kawu akwai waƙarsa ta Bakandamiya kala uku, ba wadda ta yi daidai da 'yar uwarta.

A irin waɗannan kaset ne za ka ji yadda ƙungiyar take aiki. Kalangu, wanda asalinsa kiɗan mahauta ne, makaɗi yana saƙale shi a hammata, ya matse tsarkiya murya ta hau, ya saki ta sauka, har gangar ta yi magana. A situdiyo makaɗan suna tafiya a natse. A fili kuwa, da zarar wani ya shigo da damin kuɗi, sai ka ji sun ƙara wuta, 'yan amshi sun ɗaga murya, sanƙira ya tsoma baki yana zayyana wane ne ya ba da nawa, ɗan wane ne, jikan wane. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa dab da rakoda har lasifika ta yi ƙara. Shata ya tsaya, ya bar kalangu ya yi zancensa, ya jefa wa wani habaici, fili ya kwashe da dariya, sannan ya koma kan amshi kamar bai taɓa barinsa ba. Ni a wurina rabin waƙar kenan, domin da mutanen nan aka yi ta, kuma in aka cire su abin da ya rage bai kai ba.

Haka ma na mata. In ka ji Barmani Choge a kaset ɗin gidan biki, ƙwarya na tashi, mata na shewa suna karɓa, ka san amada ba a yi ta don kunnen mutum ɗaya ba.

Shata ya rasu a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura, kaset ma bai daɗe ba ya bi bayansa. Faifan CD ya zo, sai katin waya, masu kwafe kaset suka koma masu tura waƙa. Na yi murna da waƙoƙin suka tsira, amma abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yanke su. Ana cire gaisuwar farko, a cire surutun sanƙira, a bar abin da ake ganin shi ne waƙa.

Akwai kaset ɗaya a jakar da zarensa ya taɓa tsinkewa, kawu ya liƙe shi da jan farce. Wajen ƙarshen gefe na biyu, ana tsakiyar kiɗa, sai wani mutum da ke tsaye kusa da rakoda ya ce wa na kusa da shi, "Malam, matsa mini in gan shi." Muryar a fili take, ta fi ta Shata kusa. Kawu yakan mayar da kaset baya don ya sake jin wurin, kuma ni ma yanzu, duk ranar da na samu batir, da biro nake naɗe zaren in dawo daidai nan.