Ciwon ɓarin kai: daga ƙahon wanzami zuwa ƙwayar kemis

Jama'a, ciwon ɓarin kai fa tsohon ciwo ne. Larabawa na ce masa shaƙiƙa, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi ƙaho a ka saboda shi. Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, har ƙarfe mai zafi yake ɗorawa. Mu ma nan Makarfi da Ikara, wanzami ake kira.

Yau kuwa sai kemis. Alhali shan farasitamol kwana 15 a wata, wata bayan wata, shi kansa yana haifar da ciwon kai. Rigakafin da likitoci ke nanatawa bai cin ko kwabo: barci kan lokaci, kada a tsallake abinci, a sha ruwa kafin rana ta buɗe a gona.