Koyon Zanen Hotunan Littattafai da Jaridu a Kwalejin Zariya, 1955 zuwa 1962

A cikin 1955 ne aka ɗauko sashen koyad da zane daga Badun aka kawo shi Zariya. Sashen nan reshe ne na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Sana'a ta Nijeriya, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950, ta ke da gidaje uku, ɗaya a Zariya, ɗaya a Badun, ɗaya a Inugu. A Samaru aka sauke shi, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta gaje shi a cikin 1962. A lokacin nan kuwa akwai wani gida a Zariya wanda ba shi da abin da ya ke bukata kamar mai zane, watau Kamfanin Gaskiya da ke Tukur-Tukur, wanda aka kafa a cikin 1945, inda a ke buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da littattafan Hausa. Tsakanin gidajen nan biyu tafiyar keke ce. Amma wanda ya bi sawun samarin da suka fara fita daga Samaru, zai tarar sanannun hotunan da suka zana wa marubuta a cikin littattafan Turanci su ke, waɗanda aka buga a Ikko da Badun da Landan. Yadda haka ta auku shi ne abin da takardar nan ta nufa ta bayyana.

Kafin zuwan Kwalejin, ƙasar Hausa ba baƙuwar zane ba ce. Malamai suna ƙawata Alƙur'ani da allo da zayyana, maɗinka suna fid da aska takwas a ƙirjin riga, magina kuwa, musamman na birnin Zazzau, suna cika fuskar zaure da dagi da sauran zane iri iri. Abin da ke sabo shi ne a zana mutum ko dabba a gefen labari don hoton ya taimaki magana. Wannan da boko ya shigo. Da aka yi gasar rubuta littattafai ta 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, Dokta R. M. East da ke riƙe da Ofishin Talifi ya riga ya gane yaro ba ya son shafi baƙi ƙirin da rubutu. Sabo da haka da Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a cikin 1937, sai aka haɗa shi da hotuna, wata Baturiya mai zane, wadda ta zama matar East, ita ta zana su. 'Yan makaranta tsara bayan tsara ta hannunta suka san kamannin aku da Sarki da Waziri. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, amma dai idon baƙo ne ya dubi fadar Hausa ya ba Hausawa.

A Kudu kuwa al'amarin ya bi ta wajen jarida. Akinola Lasekan, mutumin Owo, wanda ke sa hannu da sunan Lash, tun daga 1944 ya ke zana wa West African Pilot, jaridar Dokta Azikiwe, hotunan zambo a kan mulkin Turawa. Yawancin iliminsa ta hanyar wasiƙa ya same shi, da kuma naci. Ya nuna wa samari masu tasowa alƙalamin mai zane yana iya faɗin abin da edita ke jin nauyin rubutawa, wanda ma bai iya karatu ba ya duba ya gane. Samarin da suka taho Zariya daga Kudu da wannan suka tashi.

Karatun Samaru shekara huɗu ne, tsarinsa kuwa na makarantun zane na Landan ne, can a ke auna shi. Malaman yawancinsu Ingilishi ne, sai Malama Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano wadda ta yi karatu a Landan, ta shiga cikinsu tun farko. Shekarun fari kowa da kowa tare a ke tafiya. A ajiye tulu ko kujera a ce a zana, a zaunad da mutum a tsakiyar aji a zana shi ta gaba da ta gefe, a koyi ƙasusuwan jiki da yadda tsoka ke kwanciya a kansu, a koyi yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa, da inda haske ke faɗawa da inda inuwa ke taruwa. Daga nan sai ko wane ɗalibi ya zaɓi fanni, ko fenti, ko sassaƙa da ginin siffa, ko zanen kasuwanci. A fanni na ukun nan ne a ke koyon tsara haruffa da zanen talla da bangon littafi da hotunan da ke rakiyar rubutu. Solomon Wangboje, wanda ya fita da ajin farko a cikin 1959, ta wannan ƙofa ya bi.

Ya kamata a tsaya a duba abin da aikin ya ƙunsa, gama mutane da yawa suna zaton wanda ya iya zana doki ya gama. Mai fenti shi ke zaɓen abin da zai zana, da girman allonsa, da ranar da zai gama. Mai zana wa littafi ko jarida kuwa bara ne a gidan wani. Marubuci ya riga ya faɗi maganarsa, edita ya yanka masa fili, inci kaza a tsaye, inci kaza a kwance, ya kuma sa masa rana. Sai ya karanta labarin, ya sake karantawa, har ya tsinci wuri guda inda maganar ta ƙullu, ya zana wannan. In ya zana abin da ke gaba, ya ɓata wa marubuci labari, don ya tona asiri tun mai karatu bai kai ba. In kuwa ya maimaita abin da jimla ta riga ta faɗa, ya cinye takarda a banza. Sabo da haka a ke sa ɗalibi ya fara yin ƙananan zane da fensir, goma ko fiye, ko wanne bai wuce akwatin ashana ba, kafin ya taɓa tawada.

Sa'an nan ga hukuncin injin ɗab'i, wanda ba ya jin roƙo. A zamanin nan da haruffan darma a ke buga littafi, hoto kuwa sai an mai da shi hatimi. A kan ɗauki hoton zanen, a kwantad da shi a kan farantin tutiya, a tsoma cikin ruwa mai cin ƙarfe, ya cinye ko'ina sai inda layi ya bi, layin ya tsaya tudu ya ɗauki tawada. Hatimin nan baƙi da fari kaɗai ya sani. In ana son toka-toka, kamar ta hoton kyamara ko ta ruwan fenti, sai an farfasa hoton ya zama ɗige-ɗige ƙanana, aikin ya ƙara tsada, takardar jarida kuwa mai shan tawada ce, sai ɗigon ya haɗe fuskar mutum ta koma dunƙulen gawayi. Har wa yau a kan zana hoto ya fi yadda za a buga shi girma, sa'an nan a rage shi, siririn layi kuwa in an rage shi sai ya ɓace. Wannan ya tilasta wa ɗalibi ya bar shafe-shafe, ya riƙi layi tsayayye da baƙi mai kauri. Shi ya sa sassaƙar katako da ta linoliyam, watau a sassaƙe hoto a jikin allo a shafa tawada a danna a takarda, ta zama babbar makaranta ga mai wannan sana'a, don wuƙa in ta cire abu ba ya komowa.

Duk wannan ilimi ne mai amfani, ba wanda ya musa. Inda aka saɓa shi ne abin da za a zana da shi. Tarihin zanen da a ke karantarwa na Turai ne, daga Yunanawa zuwa Italiya da Faransa, ba a ko ambaton tagullar Binin da Ife, balle bangon Zazzau da ɗalibai ke wucewa ta gabansa ran kasuwa. A cikin 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa Jam'iyyar Masu Zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka laƙaba wa suna 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke. Tawayen nasu bai kai ga fasa taga ba, ba su kuma bar shiga aji ba. Da rana su yi abin da malami ya ce don su ci jarrabawa, da dare su taru su yi muhawara, in an yi hutu kuwa kowa ya koma garinsu ya tambayi tsofaffi tatsuniyoyi da zanen gargajiya. A cikin 1960, shekarar mulkin kai, Uche Okeke ya tsara musu manufarsu, cewa a ɗauki dabarun da aka koya wurin Turawa a gama su da na gida, gami irin wanda ke zuwa don kansa ba da tilas ba. Jam'iyyar ta watse a cikin 1961 da manyanta suka gama karatu.

Abin lura shi ne, mutum biyun da suka fi yin suna wajen zana wa littattafai a cikinsu, Okeke da Onobrakpeya, 'yan fannin fenti ne. Abin da ya kai su ga littafi shi ne son labari. Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya samo layi mai lanƙwasa wanda ke barin farin takarda ya yi rabin aikin. Layin nan kamar don injin ɗab'i aka yi shi. Da shi ya zana dodanni da jaruman tatsuniyoyin Ibo, ƙungiyar Mbari ta Badun ta buga littafin zanensa a cikin 1961, daga baya kuma kamfanin Heinemann ya sa hotunansa a wani bugu na Things Fall Apart na Chinua Achebe. Onobrakpeya, mutumin Urhobo, shi ya zana hotunan No Longer at Ease a jerin littattafan marubutan Afirka da kamfanin nan ya fara fitarwa a cikin 1962.

To, a nan ne labarin ya kewayo ƙasar Hausa ta wata hanya mai ban mamaki. A cikin 1962 aka buga wa Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, wani ɗan littafi a Ikko mai suna An African Night's Entertainment, da hotunan Onobrakpeya. Duk Bahaushen da ya karanta shi zai ga sanannun fuskoki. Ga attajiri Malam Shaihu wanda ba shi da ɗa, ga Zainabu da aka yi wa Abubakar alkawarinta, ga dukiya ta raba su, ga Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, ga yaro Kyauta da abin ya faɗa a kansa. Labarin Jiki Magayi ke nan na John Tafida da East. Neil Skinner, wanda ya yi aiki a Hukumar Talifi ta Jihar Arewa, ya jera littattafan biyu ya gwada su a cikin wata maƙala a 1973, ya nuna yadda na Turancin ya bi na Hausan. Watau labarin da aka rubuta a Zariya sai da ya tafi Ikko ya sa rigar Turanci, sa'an nan ya gamu da mai zanen da ya yi shekara biyar a Zariya yana kallon rawuna da zauruka da dawaki. 'Yan makarantun Kudu dubbai ta hotunan nan suka fara ganin garin Hausa.

Dalilan da suka sa hanyar Samaru zuwa Tukur-Tukur ba ta zama turba ba, ba ɓoyayyu ba ne. Na fari, shiga Kwalejin sai da takardar gama sakandare, makarantun sakandare kuwa a Jihar Arewa a lokacin ana ƙirga su da yatsu, waɗanda suka fita daga cikinsu kuma Gwamnati da En'e na jiransu a bakin ƙofa da aikin ofis. Uban da ɗansa ya gama Kwalejin Barewa da wuya ya yarda a ce shekara huɗu zai ƙara yana zana tulu. Ga kuma ƙyamar da malamai da yawa ke yi wa suranta abu mai rai, wadda ta sa zanen mutum bai sami daraja irin ta zayyana ba. Sabo da haka azuzuwan farko 'yan Kudu suka cika su, ba Hausa su ke karantawa ba, da suka gama kuwa suka koma inda masu buga littattafan Turanci su ke. Na biyu, Hukumar Talifi ta Jihar Arewa, wadda ke fid da ƙananan littattafai na Yaƙi da Jahilci, aka rufe ta a cikin 1959, shekarar da ajin farko ya fita. Kasuwar da ta fi dacewa da su ta tashi suna isowa. Kamfanin buga littattafai na Arewa da ya maye gurbinta sai a cikin 1966 aka kafa shi, a lokacin kuwa kowa ya riga ya kama gabansa.

Grillo ya zauna a Kwalejin Yaba ta Ikko, ya shugabanci sashen zane shekaru da yawa. Nwoko ya koma Badun ya shiga harkar wasan kwaikwayo da gini. Onobrakpeya ya kama koyarwa a wata sakandare a Ikko, ya duƙufa kan buga hoto da faranti har duniya ta san shi da shi. Okeke kuwa bayan yaƙin basasa ya riƙe sashen zane na Jami'ar Nsukka, ya mai da uli darasi a cikin aji. Daga cikin sa'o'insu wanda ya tsaya a Arewa shi ne Jimo Akolo, mutumin Lardin Kabba wanda ya yi sakandare a Keffi. Shi bai saki jiki da Jam'iyyar ba, gama yana ganin ba a gindaya wa mai zane abin da zai zana, amma shi ne ya fi su zana makaɗan Hausa da mahaya dawaki da 'yan dambe. Ya ƙaro ilimi a Landan da Amurka, ya komo Zariya a cikin 1966, ya shiga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya daɗe yana horad da malaman da za su koyad da zane a makarantun Arewa.