Isnadin Hoto: Darasin Didi-Huberman ga Masu Nazarin Tarihin Sakkwato

Georges Didi-Huberman, masanin falsafa da tarihin zane-zane da aka haifa a Saint-Étienne ta Faransa a 1953, ya gina bincikensa a kan tambaya guda: me hoto ke iya shaidawa, kuma ina shaidar tasa ta tsaya? Littafinsa na farko, na 1982, ya bi diddigin hotunan mata majinyata da aka ɗauka a asibitin Salpêtrière na Paris zamanin likita Charcot, inda ya nuna cewa ikon likita a kan majinyaciya ya shiga cikin hoton kansa. A 1990 ya fara koyarwa a makarantar EHESS.

A littafinsa Images malgré tout na 2003, ya nazarci hotuna huɗu da fursunoni suka ɗauka a ɓoye a sansanin Auschwitz cikin Agustan 1944. Masu wallafa kan yanke duhun da ke gefen hotunan don su fito sarai. Shi kuwa ya ce duhun nan shaida ne, domin shi ke nuna inda mai ɗaukar ya laɓe.

Wannan mahanga tana da amfani a Sakkwato. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, sana'ar ɗaukar hoto kuwa sai 1839 aka bayyana ta a Paris. Duk da haka, matashi a unguwar Gidan Dahala zai buɗe wayarsa ya ga fuskar wani dattijo mai rawani an ce Shehu ne, ya tura wa wani da zuciya ɗaya. A ɗaya ɓangaren, bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a Yulin 1903, an ruwaito cewa sun yaɗa hoton kansa don karya zukatan mabiyansa. Na farko ƙarya ce da ƙauna ta haifa; na biyu aikin mai mulki ne da ke son a ji tsoronsa. Kowannensu na ɓatar da wanda ya karɓe shi ba bincike.

Wani zai ce tunda malamai sun yi saɓani kan halaccin hoto, gara a kauce masa baki ɗaya. Sai dai kawar da kai bai hana hoto yawo ba, masana kawai ya hana tantance shi. Alhali garin da ya gaji ilimin hadisi ya san cewa ba a karɓar ruwaya sai an san mai ruwaya, da wanda ya ji daga gare shi, da amanarsa.

Don haka ya kamata Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu su riƙa haɗa kowane tsohon hoto da isnadinsa: wa ya ɗauka, yaushe, don wa, kuma me aka yanke. Wanda isnadinsa ya yanke, a ajiye shi, amma a rubuta rauninsa a jikinsa.