Yadda Jagoran Mai Karatu Ya Tashi Daga Gindin Shafi Ya Koma Kansa

'Yan makaranta, in kun buɗe littafin lissafi ko na aikin gona, ku dubi can saman shafi. Za ku ga ɗan layi guda da lamba a gefensa. Da yawa daga cikinmu ba mu kula da shi, alhali kuwa yana da tarihi mai tsawo.

A zamanin da, malaman ƙasar Kano, har da na karkara irin su Shanono, da hannu su ke kwafe littattafai kamar Ahalari da Risala. Takardar kuwa fatake ke kawo ta ta hanyar Tarabulus, galibi ƙirar Italiya, mai tambarin jinjirin wata uku. Ba a ɗinke littafin. Warƙa warƙa a ke tara shi, a ɗaure da igiyar fata, a sa cikin gafaka. To, in iska ta watsa shi fa, alhali ba lamba? Sai malamai suka yi dabara. A gindin bayan kowace warƙa su kan rubuta kalmar da za ta fara warƙar gaba, watau kowace warƙa tana riƙe da hannun 'yar'uwarta. Farkon babi kuma a kan rubuta shi da jar tawada.

Turawa ma haka suka yi. Littafi Mai Tsarki da Gutenberg ya buga a Jamus wajen 1455 ba a buga masa lambar shafi ba, kuma maɗaba'o'insu ba su bar sa kalmar gindin shafi ba sai wajen 1800.

A ƙasarmu abin ya sake ne sa'ad da boko ya zo. Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano cikin 1909. Aka kafa Hukumar Fassara cikin 1929, ta zama Hukumar Talifi cikin 1933, sa'an nan Kamfanin Gaskiya ya tsaya a Zariya cikin 1945. Littafin ɗab'i a ɗinke ya ke zuwa, saboda haka ba a tsoron warwatsewa. Abin da a ke bukata shi ne malami ya ce, "Ku buɗe shafi na 40," aji duka ya buɗe wuri guda. Don haka jagora ya koma sama. Bisa al'ada sunan littafi na hagu, sunan babi na dama, lamba kuwa a gefen waje inda yatsa ke saurin kai wa.

Amfanin wannan ya fi fitowa a littattafan koyar da sana'a, domin ba wanda ke karanta su daga farko har ƙarshe. Manomi a Shanono da ke neman awon maganin feshin gyaɗa, in shafi ya yage ya faɗo, kan shafin ne zai gaya masa ko na gyaɗa ne ko na wake. In ya ɗauki awon wani ya ba wani, gonar shekara ce za ta biya.

Saboda haka kafin ku yi aiki da abin da shafi ya ce, ku fara duba kansa. In kuma kuna rubutu a makaranta, ku sa suna da lamba a saman kowace takarda, kamar yadda malamanmu na da ba su barin warƙa ba jagora. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.