Kunnen da Ya Koyi Gano Ciwo Daga Murya

Ilimin sarƙewar furuci, wadda likitoci ke kira disatiriya, da kunne aka gina shi tun kafin a ƙera na'urar da ke leƙa cikin ƙwaƙwalwa, kuma har yau kunnen bai rasa matsayinsa ba. Wannan lalura ita kanta ba ta taɓa hankali, kalmomin mai ita na nan daram, jijiyoyin da ke juya leɓe da harshe da ganɗa da maƙogwaro da numfashi ne suka gaza. A 1817 James Parkinson ya rubuta a Landan cewa idan cutar karkarwa, wadda yau ake kira da sunansa, ta yi nisa, da ƙyar ake gane maganar mai ita. A 1860 Duchenne ya bayyana wata shanyewa mai cin harshe da ganɗa da leɓe sannu a hankali. A 1861 Paul Broca ya gabatar da majinyacin da magana ta ƙwace masa saboda rauni a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, lalurar da daga baya aka ware daban. Jean-Martin Charcot kuma, a asibitin Salpêtrière na Faris, ya sa magana mai fita gaɓa-gaɓa cikin alamomi uku na cutar da ke cin rigar jijiyoyi. Kowannensu ya kama bakin zare, amma ba wanda ya tara zaren ya saƙa.

Saƙar ta zo a 1969 a asibitin Mayo da ke Rochester, jihar Minnesota ta Amurka. Frederic Darley da Arnold Aronson da Joe Brown sun naɗi muryoyin majinyata 212 daga rukunin cututtuka bakwai, suka auna kowace murya da siffofi 38. Suka gano cewa kowane gurbin jijiya da ya lalace yana da irin muryarsa. Idan jijiyoyin da ke isa tsoka kai tsaye ne suka raunana, murya takan yi sanyi, iska na tsiyaya ta hanci. Idan hanyoyin jijiya na sama ne suka lalace ta ɓari biyu, kamar bayan shanyewar jiki fiye da sau ɗaya, magana takan fito a hankali, a matse, da gurnani. Ciwo a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya yana sa magana tangaɗi, har a zargi bawan Allah da maye. Cutar Parkinson tana rage ƙarfin murya, ta hana ta hawa da sauka, ta sa kalmomi ribibi. Cutar Huntington tana katse zance da motsin da ba a nufa ba. Wasu cututtukan kuma sukan haɗa iri biyu ko fiye. A 1975 masanan uku suka tattara wannan a littafi, a 1995 Joseph Duffy ya ƙara nau'in da rauni a ɓari guda ke haifarwa.

Masu sukar wannan tsari suna da hujja. Sun ce kunnuwa sukan saɓa, an kuma gwada masu saurare an ga suna kuskuren raba nau'i da nau'i idan murya kawai aka ba su. Gaskiya ne, sai dai maganin wannan horo ne da haɗa sauraro da duba baki da tarihin ciwo, kamar yadda ake yi a gaban majinyaci. Wasu sun ce hoton ƙwaƙwalwa ya wadatar. Amma cutar Parkinson ba ta bayyana a hoton da aka saba ɗauka, haka ma cutar da ke raunana mahaɗar jijiya da tsoka, alhali sauyin murya kan kasance cikin alamomin farko. Sukar da ta fi nauyi ita ce an gina tsarin a kan masu Turanci. A harshe irin Hausa, inda karin sauti da tsawon wasali ke raba ma'ana, muryar da ta daina hawa da sauka asararta ta fi girma. Wannan aiki ne da ke jiran masana harshe da likitocinmu: su naɗi muryoyin majinyatanmu, su auna su da ma'aunin harshenmu, domin inda babu na'ura mai tsada, likitan da ya iya sauraro zai tura majinyaci inda ya dace tun ciwo bai yi nisa ba.